Tsofaffin Hotunan Jiragen Yaƙi Na Neman Masu Ceto Daga Gara Da Mantuwa

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara ake tunawa da 'yan mazan jiya a ƙasar nan. A Kaduna da sauran manyan garuruwa akan yi fareti, a busa begila, a ajiye furanni, manya su yi jawabi, sa'an nan a watse. A garuruwa irin su Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, da Kachiya da Zonkwa da Kafanchan kuwa, akwai wata tunawar da ake yi a cikin gida ba tare da kiɗa ko busa ba. A nan ne akan jawo tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, a fito da lambobin yabo, da takardar sallama daga soja, da 'yan hotunan da suka yi ja saboda tsufa.

Kudancin Jihar Kaduna ya daɗe yana ba da 'ya'yansa ga aikin soja, tun zamanin Turawa. Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham, da Hausawa da Fulanin da ke zaune tare da su, sun ɗauki bindiga a Yaƙin Duniya Na Biyu, ƙannensu da 'ya'yansu kuma sun yi Yaƙin Basasa. Saboda haka hotunan soja ba baƙin abu ba ne a gidajen wannan yanki.

A cikin irin waɗannan hotuna akwai wani nau'i da ya fi sauran wuyar samu, ya kuma fi su faɗin labari, watau hoton da jirgin saman yaƙi ya fito a cikinsa. Hoton mutum sanye da kaki yana nuna cewa ya yi soja ne kurum. Amma in akwai jirgi a bayansa, to, wanda ya san kan abin yana iya faɗin shekarar da aka ɗauki hoton, da ƙasar da aka ɗauke shi, wani lokaci har da rundunar da ke da jirgin. A ƙasashen Turai akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen tara irin waɗannan hotuna da fassara su. A nan kuwa, gara da danshin damina ne suka fi kowa kusantar su. Masu iya ba da bayaninsu ma suna ta ƙarewa. Wanda ya shiga soja cikin 1943 yana ɗan shekara 20, in yana raye, ya haura shekara 100. Wanda ya shiga cikin 1967 a waɗannan shekaru ya doshi 80.

Yadda jiragen yaƙi suka san hanyar Arewa

Jiragen saman da suka fara sauka a Nijeriya na soja ne. Ran 1 ga watan Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Jiragen masu fukafukai hawa biyu ne, da farfela guda a hanci, kuma matuƙinsu a waje kansa yake. Cikin 1936 jiragen kamfanin Imperial Airways suka fara zuwa Kano daga Hartum, kafin shekarar ta ƙare kuma aka miƙa hanyar zuwa Ikko ta Kaduna da Minna da Oshogbo.

Wannan hanya ce ta yi wa Ingila rana sa'ad da yaƙi ya ƙazanta. Cikin watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, sai ya zama kai jiragen sama Masar ta Bahar Rum ya koma kasada. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko jiragen a wargaje cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a tashar Takoradi da ke ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su ta sama. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Lami ta ƙasar Chadi, sai Janaina da Fashir da Hartum, har zuwa Masar. Daga Kano zuwa Hartum, kusan ita ce hanyar da alhazan ƙasa suka saba bi da jakuna da raƙuma. Abin da ke ɗaukar mahajjaci watanni, jiragen sukan ci shi duka, tun daga bakin teku, cikin kwana shida ko makamancin haka.

Ayarin farko ya tashi cikin watan Satumba 1940. Yawanci akan sa jirgi mai inji biyu, irin wanda ake kira Blenheim, ya ja gaba domin shi ke da mai duba hanya, ƙananan jiragen faɗa irin su Hurricane kuma su bi shi a baya. Dole ne su kauce wa sararin Nijar, domin a lokacin tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, alhali Chadi ta riga ta bi Janar de Gaulle. Hazon hunturu da hadarin damina sun halaka matuƙa da dama. Duk da haka, daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta wannan hanya. Coningham ɗin nan da ya sauka Kano cikin 1925 shi ne ya zama kwamandan sojojin saman da suka karɓi waɗannan jirage a hamadar Masar da Libiya.

Mutanen da ba a rubuta sunayensu ba

Mafi yawan hotunan wannan aiki ba a ƙasar nan suke ba. A lokacin yaƙi an hana kowa ɗaukar hoto a filin jirgin sama in ba ma'aikacin hukuma ba, kuma abin da ma'aikatan suka ɗauka London aka kai shi. Yanzu yana ajiye a gidan tarihin yaƙi da ake kira Imperial War Museum, inda akwai miliyoyin hotuna, an kuma sa da yawa daga ciki a intanet yadda kowa zai iya dubawa.

Duk wanda ya duba su da idon basira zai lura da abu guda. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto yakan faɗi irin jirgin, wani lokaci da lambarsa da sunan Baturen da ke tuƙa shi. Mutanen ƙasa da ke fasa akwatuna, da masu gungura gangunan mai, da masu sharar fili da masu gadi, sai a ambace su a dunƙule, ko ma a yi shiru a kansu. Alhali kuwa da hannunsu aka share filayen, aka zuba tsakuwa, aka gina ɗakunan ajiya. Da kuɗin talakawan ƙasar nan ma aka sayi waɗansu jiragen, har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojojin saman Ingila, mai jiragen Spitfire, sunan Nijeriya. Fuskokin nan da ke gefen hoto kakannin waɗansu ne, kuma ba mai iya gane su sai danginsu.

Jirgin da ya ciyar da 'yan Bama

Ga tsofaffin sojojin da suka je Bama, jirgi ɗaya ne suka fi sani, shi ne Dakota, mai inji biyu da ƙaramar ƙafa a ƙarƙashin wutsiya, wanda in ya tsaya sai hancinsa ya dubi sama. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazuzzukan da mota ba ta shiga. Cikin 1944, sa'ad da runduna ta 81 ta kutsa kwarin Kaladan, kusan dukkan abincinta da harsashinta daga sama ake jefo su da laima, 'yan dako kuma su tattara su ɗauka a ka. A wannan shekara ne aka kwashi bataliyoyi uku na sojojin Nijeriya a jirage aka sauke su a bayan sahun Japanawa, cikin mayaƙan da ake kira Chindit. Sunan Barikin Chindit na Zariya da na Barikin Dalet na Kaduna duk daga can suka samo asali.

Hoton Dakota na Bama yana da alamar da ba ta ɓuya. Tambarin jiragen Ingila zobe ne shuɗi, da fari a ciki, da jan ɗigo a tsakiya. To, tambarin Japan jar rana ce, saboda haka cikin 1943 aka cire jan daga jiragen Ingila da ke wancan fage don kada a harbi na gida bisa kuskure. Sai ya rage shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske. Ko a hoto baƙi da fari ana iya ganin bambancin.

Jiragen Yaƙin Basasa

Cikin watan Afrilu 1964 aka kafa rundunar sojojin saman Nijeriya bisa doka, da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna kuma ta zama cibiyar horo. Jiragen farko ƙanana ne masu farfela, irin su Piaggio da Dornier, na koyon tuƙi da kai saƙo. Da yaƙi ya ɓarke cikin watan Yuli 1967, Gwamnatin Tarayya ba ta da jirgin faɗa na ainihi, har ya kai ana jefa bom daga ƙofar jiragen ɗaukar kaya. Biyafara ce ta fara samun jirgin kai hari, wani tsohon B-26 na zamanin Yaƙin Duniya wanda aka zana wa haƙoran kifi a hanci. Matuƙinsa Jan Zumbach, mutumin Folan, ya kai hari filin jirgin sama na Makurɗi a watan farko na yaƙin. Makurɗi kuwa tana kan hanyar jirgin ƙasan da ta ratsa Kafanchan ta nufi Inugu.

Da Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Nijeriya jiragen faɗa, sai Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyat. Cikin watan Agusta 1967 aka fara sauke jiragen MiG a Kano, a wargaje cikin manyan jiragen dako, kamar dai yadda Hurricane suka iso Takoradi shekara 27 kafin nan. Aka kuma samo jiragen L-29 daga Chakosulobakiya, daga baya masu jefa bom da ake kira Ilyushin 28 suka biyo. Da farko matuƙa daga Masar ne suka riƙa tuƙa da yawa daga cikinsu. Shugaban sojojin sama na lokacin, Kanar Shittu Alao, a cikin L-29 ya yi hatsari ya rasu cikin watan Oktoba 1969.

A ɗaya gefen, cikin watan Mayu 1969 wani mutumin Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara 'yan ƙananan jirage biyar na koyon tuƙi, aka ɗaura musu rokoki, suka kai hari filayen jiragen sama na Fatakwal da Binin da Inugu. A Uli kuma, wani yanki na titin mota aka faɗaɗa ya zama filin da jiragen agaji ke sauka da dare.

Ya kamata mai tara hotunan wannan yaƙi ya tuna cewa hoton jirgi a tsaye, ana goge shi yana ƙyalli, rabin labari ne. Sauran rabin yana inda bom ya faɗa. Bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a yankin Gabas, farar hula da yawa sun mutu. Ran 5 ga watan Yuni 1969 wani MiG ya harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross, mutanen da ke ciki suka rasu. Kundin da ya ajiye hoton jirgin ya bar na kasuwar bai cika ba. Waɗansu daga cikin jiragen ɓangarorin biyu suna nan a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahiya, wanda aka kafa cikin 1985. Wani Bature kuma, Michael Draper, ya tara hotunan jiragen wannan yaƙi da lambobinsu ya buga littafi mai suna Shadows cikin 1999.

Yadda ake karanta hoto

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin tsohon hoto sai an haɗa su biyun. Masana wannan fanni suna bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya.

Da farko akan dubi ƙirar jirgin. In yana da farfela, a ƙirga injunansa, a duba ko ƙaramar ƙafarsa a gaba take ko a baya. In jet ne, MiG-17 bakinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, fukafukansa sun karkata baya. L-29 fukafukansa a miƙe suke, kujerunsa biyu, wani a bayan wani, kuma ƙaramin fiffiken wutsiyarsa a can ƙoli yake. Ilyushin 28 yana da inji biyu a ƙarƙashin fukafukai, da hanci na gilashi.

Na biyu sai tambari. Na Nijeriya kore ne da fari da kore. Na Amurka farin tauraro ne a cikin shuɗin da'ira, kuma shi kansa yana faɗin shekara: in akwai ɗigo a tsakiyar tauraron, hoton bai wuce farkon 1942 ba, in kuma akwai fararen sanduna a gefe da gefe, to, daga tsakiyar 1943 ne zuwa sama. Jiragen da suka bi hanyar Takoradi sau da yawa akan shafa musu farin fenti a gadon baya da wutsiya, domin in ɗaya ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama.

Na uku sai lambar da ke kusa da wutsiya. Wannan ita ce sunan yanka na jirgi. Sojojin saman Ingila sun riƙa buɗe wa jiragensu kati ɗaya ɗaya, ana rubuta duk inda aka tura su, kuma katunan suna ajiye a gidan tarihinsu da ke Hendon. Jiragen Nijeriya kuwa haruffan NAF ke gaba, lamba ta biyo.

Na huɗu a bar jirgin a dubi abin da ke kewaye da shi. Kuka da giginya da hazo suna nuna Arewa, kwakwar manja tana nuna Kudu. Irin hular soja, da gajeren wando ko dogo, da ƙirar motar da ke gefe, duk shaidu ne. Na biyar a juya hoton, domin hatimin mai ɗaukar hoto ko ɗan rubutun da soja ya yi wa matarsa a baya yakan warware abin da gaban hoton ya kasa. Akwai ma hotunan da jirgin da ke cikinsu zane ne a jikin labulen gidan hoto, ba jirgi ba ne sam. Bayan duk wannan sai a zauna da dattijo a ji ta bakinsa, a gwada da abin da ke rubuce a takardar sallamarsa. In sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a gyara masa magana.

Hoto na gaskiya, bayani na ƙarya

A da, hoto yakan tsaya a gidan mai shi. Yanzu da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, hoto ɗaya yana iya zagaya ƙasar nan a Facebook da WhatsApp kafin magariba. Wannan ya yi amfani, domin ta haka jikoki ke gano fuskar kakansu a hoton da ke hannun wani gida. Amma ya zo da tasa illar. Sau da yawa wanda ya tura hoto ba ya faɗin inda ya samo shi, na gaba kuma sai ya ƙara masa bayanin da ya ga dama.

Misali, akan ga hoton MiG-21, mai tsini a tsakiyar baki da fukafukai masu kusurwa uku, an rubuta cewa na Yaƙin Basasa ne. Nijeriya ba ta sami wannan jirgi ba sai cikin 1975, shekara biyar bayan an gama yaƙi. Alpha Jet kuwa sai farkon shekarun 1980 ya iso. MiG-17 ma ƙasashe da yawa sun yi aiki da shi, daga Masar har Biyetnam, saboda haka ba kowane hotonsa ne na Nijeriya ba. Daɗin daɗawa, yanzu kwamfuta tana iya shafa wa tsohon hoto launin da ba nasa ba, tana kuma iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A yankin da ya sha fama da rikici kamar kudancin Kaduna, tsohon hoton gawawwaki ko na ƙauyen da ya ƙone, in aka liƙa masa sabon bayani, yana iya jawo asarar rai. Wanda ya koyi tambayar wa ya ɗauki hoto, a ina, kuma yaushe, ba a saurin ruɗinsa.

Abin da ya kamata a yi

Ceton waɗannan hotuna ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da danshi da hasken rana. Kada a manna su da gam, kada a rufe su da ledar nan da ake gasawa, domin zafinta yana lalata hoto kuma ba ta ɓantaruwa. In za a yi rubutu a baya, a yi da fensir, tawada tana hudowa gaba. In akwai dodon hoto a adana shi dabam, shi ne asali. A ɗauki hoton gaba da baya da waya, a ba 'yan'uwa su ma su ajiye. Mai neman kwafi daga wani gida ya nemi izini, ya kuma mayar da abin da ya ara. A kuma tuna cewa doka ta hana ɗaukar hoton wuraren soja na yanzu ba tare da izini ba.

Akwai inda za a iya kai kwafi. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙungiyar 'yan mazan jiya tana da rassa a ƙananan hukumomi, ita ta fi kowa sanin gidajen da za a ƙwanƙwasa. Malaman tarihi na makarantun sakandare a Kujama da Kachiya da Kafanchan suna iya tura ɗalibansu su zauna da kakanninsu su rubuto abin da suka ji.

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin irin haka. A shekarun Yaƙin Duniyan nan ne wani ma'aikacin haƙar kuza ya tsinci kan mutum-mutumi na yumɓu a ƙasar Jama'a, ya kafa shi a gonarsa don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a gane cewa aikin mutanen Nok ne na shekaru fiye da 2,000. Yumɓu ya iya jiran mai gane shi, takarda kuwa damina kaɗan take jurewa. Duk gidan da ke da irin wannan hoto, kuma mai shi ko matarsa na raye, ya kamata a ɗauki fensir a zauna da su, a rubuta sunan mutumin, da garinsu, da shekarar, da inda jirgin yake tsaye, tun kafin wata ranar 15 ga Janairu ta zagayo.